Iskar da Ke Ƙirjin Rabilu

Shafi na 31

Masu cika mani waya da saƙo, wai na bar Rabilu yashe a ƙasa cikin shagonsa na tafi yawona, na ji kuma na tuba. An kwaso shi, ga mu a asibiti. Wanda bai karanta na baya ba ma ya zauna, zai gane.

* * *

Likitan ya ɗaga hoton ƙirjin ya kara shi da hasken taga, ya ɗora yatsa a gefen dama, inda ya yi baƙi wuluk tun daga sama har ƙasa.

"De l'air, madame," ya ce da Firdausi da Faransanci. "De l'air."

Bazabarme ne, bai daɗe da zuwa Dogon Dutsi ba, Hausarsa ba ta wuce sannu da ina ke ciwo ba. Majo, wato ma'aikacin jinyar da ya saba yi masa tafinta, yana can kan mutanen da mota ta kife da su a hanyar Kiyeshe. Cikin waɗanda ke tsaye kan Rabilu kuwa, matarsa Firdausi kaɗai ta taɓa zama aji, ita ma a kolej, ƙaramar sakandaren garinsu Gesheme, ta tsaya. Uwarsa Inna Balki ko bonjur ba ta sani ba, wansa Abdulmajid kuma Larabci ya sa gaba tun yana yaro. Don haka duk ido ya dawo kanta.

Likitan ya yi ta zuba, ita kuma tana tsintar abin da ta iya tsinta. Ciwon nan ne dai da aka gano a Yamai, bayan an ɗirka wa Rabilu maganin tibi wata da watanni a banza. Wanda garkuwar jikin mutum ke juyowa ta far wa ƙananan jijiyoyin jininsa, su kumbura su lalace. Shi ya ci masa karan hanci har ya lotsa, shi ya toshe masa kunnen hagu, shi ya yi masa kogo a huhu. To yau kogon ya fashe. Abin da yake shaƙa yana zurarewa ta nan, yana taruwa tsakanin huhu da haƙarƙari babu hanyar fita, har ya matse huhun ya yamutse. In aka bar shi, zai tura har zuciya.

Ta ji. Ko kuma a ce ta ji rabi, ta ƙarasa rabin da kallon hannunsa.

Rabilu na jingine da bango, roba a hanci, zufa ta jiƙa masa riga sharkaf. Kowane numfashi sai ya ɗaga kafaɗa kafin ya jawo shi.

"Mi yac ce?" Inna ta tambaya.

Firdausi ta laluba kanta sama da ƙasa, kalma ɗaya tak Hausa ta miƙo mata.

"Ya ce iska ta, Inna. Iska tas shiga ƙirjinai, tad danne huhu."

Tana rufe baki ta so ta kamo maganar ta maido, amma ina.

Inna mutuniyar ƙauyen Lugu ce, can aka yanke mata cibi, kuma duk wa'azin da 'ya'yanta suka kwaso a gari bai raba ta da Doguwa, iskar borin garinsu, ba. Ta miƙa hannu ta karɓi hoton daga hannun likita kamar nata ne, ta matsa bakin taga ta ƙura masa ido.

"Ga ta nan kau," ta ce a hankali. "Baƙa, doguwa, tsaye ga gehen dama. Tun yaushe nika hwaɗi ana ce mani mushirika. Yau ga hoton Annasara ya ɗauko ta."

Firdausi ta leƙa ta kafaɗarta. Wallahi baƙin dogo ne, har da ɗan lanƙwasa daga sama kamar mace ta yi lulluɓi. Ta yi sauri ta kau da kai.

Ta juya wajen Abdulmajid, don shi take tsammanin zai cece ta. Shi ne fa ya taɓa tara layun Inna da ƙoranta a tsakar gida ya cinna musu ashana, har yau Inna ba ta kiransa sai Malam, shi ma da gatse. Sai ta ga yana shafa gemu yana kallon silin. Can ya tambaye ta, a Yamai ina aka ce ciwon yake? Ta ce cikin jijiyoyin jini.

"To kin ji," ya ce. "Malamai sun hwaɗi shaiɗan na gudu ga jikin ɗan Adam inda jini ka gudu. Shi lokotoro bai da sunan da za ya ba shi, shi as sa yac ce iska. Aljani na."

Tun da na fara ba ku labarin gidan nan, ban taɓa jin bakin Inna da na Abdulmajid ya zo ɗaya ba, ko a kan gishirin miya. Sai yau, a kan gadon asibiti, kuma baiwar Allah Firdausi ce ta haɗa su da bakinta.

"Ba wagga iska ba," ta ce. "Iskar shaƙa. Wadda muka ja ga hanci."

"Da ta ina kika so ta shiga?" Inna ta ce. "Ba ga hanci taf fara ba? Ba nan jini yaf fara zuba ba? Tar rushe ƙohwa tas shiga, tat toshe kunne don kar ya ji karatun Malam. Kau da kai kika yi, ɗiyag ga, amma ke ma kin gani."

Firdausi ta sake gwadawa. Ta ce likitocin Yamai sun yi bayani, jikinsa ne ke yaƙar kansa, babu wanda ya shigo daga waje.

"Kin taɓa ganin mutum guda na hwaɗa shi kaɗai?" Inna ta tambaye ta. "In ba su biyu na ciki ba?"

Gaskiyar magana, Firdausi ma tun a Yamai ba ta gane wannan ba. Ta dai haddace shi kamar yadda ta haddace karatun boko a lekol, tana maimaita wa masu zuwa dubiya, suna gyaɗa kai suna cewa Allah ya sawwaƙe. Yaya jiki zai ci kansa? Don me? Ba wanda ya taɓa ba ta amsa, likitocin ma cewa suka yi ba a san dalili ba. Yanzu ga tsohuwa da amsa a hannu, ga Malam da tasa, ita mai boko ce ba ta da ko ɗaya.

Likitan kuwa da ya ga tsohuwa na gyaɗa kai, mai gemu ma na gyaɗa kai, sai ya ɗauka magana ta shiga. Har ya ji daɗi. Ya tambayi Firdausi ko sun gane, ta ce masa oui, wato e, don ba ta san yadda za ta faɗa da Faransanci cewa sun gane har sun wuce wurin ba. Ya ce to madalla, zai je ya haɗo kaya. Zai soka babbar allura tsakanin haƙarƙari iskar ta fita, ya sa roba, in numfashi ya daidaita a wuce da shi babban asibitin Doso. Kar a motsa shi, kar a taɓa robar hancin. Ya nuna agogo, ya fita da sassarfa.

Da ta juya musu wannan da Hausa, Inna ta ajiye hoton a kan gado.

"Ƙarhe? A soke shi da ƙarhe tana ciki?"

"Hidda ta za a yi, Inna."

"Ba a hidda ta da ƙarhe. In anka taɓa ta da ƙarhe ba ta hita ita kaɗai, da mai gidan taka hita."

Abdulmajid ya ja tsaki ya ce wannan shirme ne, amma shi ma bai ga amfanin huda mutum a kan abin da karatu ke korewa ba. Ga motar abokinsa a bakin ƙofa. A kai shi gida, ya kira Malam Luƙman mai ruƙiyya, kafin la'asar an gama. Inna ta ce Lugu za a kai shi. Ya ce sai dai bayan ransa. Ta ce ai shi ya ja, da ashanarsa.

Abdulmajid ya juyo gare ta.

"Ni nij ja mi?"

Inna ta zauna bakin gadon, ta dafa ƙafar Rabilu. Abin da ta ɓoye shekara da shekaru, yau ta zazzage shi gaban suruka, ba ta ko sassauta murya ba. Bayan Abdulmajid, duk ɗan da ta haifa ba ya kai yaye. Har ta gaji da kuka ta koma gida Lugu ta durƙusa gaban Doguwa ta roƙa, aka ba ta wannan autan, da sharaɗi: baƙar akuya duk shekara in an yi girbin hatsi. Ba ta taɓa fashi ba. Ko bayan an ƙona mata kaya, a ɓoye take aikawa. Sai shekarar da Abdulmajid ya sa ta dafa Alƙur'ani ta rantse ta bari. Ta ji tsoron rantsuwa ta bari. Damina ba ta zagayo ba hancin yaron ya fara jini.

"Aro anka ba ni shi," ta ce. "Mai abu ta zaka biɗar abinta."

Abdulmajid ya yi salati ya dafe kai. Wato duk shekarun da yake ganin ya tsarkake gida, akuya na tafiya Lugu. Ya ce ai ga shi nan, ita ta buɗe wa shaiɗan ƙofa tun yaron na ciki. Ta ce shi ya rufe wa yaron ƙofar rai. Suka hau sama, kowa na nuna Rabilu da yatsa, ba mai kallonsa.

Firdausi kaɗai ke kallonsa. Leɓensa ya koma toka-toka. Jijiyoyin wuyansa sun tashi raɗa-raɗa. Gefen daman ƙirjinsa ya cika ya tsaya cik, na hagu kaɗai ke ɗagawa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga haushin kanta, ga wani tunani da ke ta kutsowa tana kora: to in Inna ce da gaskiya fa? Ita ta ga jinin farko a kan matashi, kuma bayan girbi ne. Ta tuna sarai, don ranar suna sussuka.

Ta leƙa ƙofa. Babu likita, babu majo, sai wata mata da ke wucewa da kwanon fura.

Kafin ta juyo, Inna ta kama robar da ke hancin Rabilu tana bin ta da ido har zuwa tulun ƙarfen da ke jingine a bango.

"Wanga mi a ciki?"

Da Firdausi ta yi tunani, da ta ce magani. Amma kai ya riga ya ɗaure.

"Iska ta, Inna. Oksijan."

"Iska." Inna ta dubi Abdulmajid. "Ka ji ko, Malam? Guda na cikinai tana kashe shi, suna ɗura mishi wata."

Ta fizge robar ta yar.

Firdausi ta yi tsalle ta ɗauko, Abdulmajid ya tare ta da hannu ya ce ta bari, ai tafiya za su yi, ko yaya sai an cire. Ya kama hannun daman Rabilu ya saƙala a wuyansa. Inna ta riƙe na hagu. Har yanzu ba su daidaita inda za a kai shi ba, shi yana nufin gida, ita tana nufin Lugu, amma ƙofar fita ɗaya ce, ita suka nufa.

"Yaya, don Allah," Firdausi ta ce. "Lokotoro ya ce kar a motsa shi."

"Lokotoro ya hwaɗi abin da ya gani, ya gama nashi. Saura namu."

"Ba haka yac ce ba."

"To mi yac ce? Ba ke kinka ce iska ba?"

"Ni nac ce, amma..."

"Ƙarya kinka yi mishi?"

"A'a."

"To."

Sun ɗaga shi kenan ƙafafunsa suka sauko ƙasa, Rabilu ya zame hannu daga riƙon Inna ya damƙi gefen hijabin matarsa. Tun shigowarsu bai ce uffan ba. Da kunne ɗaya, shi ma rabi, bakuna kawai yake gani suna motsi. Amma kalmar nan ya gan ta ta fito daga bakin kowa a ɗakin, har da nata. Ya jawo ta har kunnenta ya taɓa bakinsa.

"Wace... iska?"

Idonsa na cikin nata. Mutumin da ya ɗage wando ya bar gemu tun kafin ya aure ta, mai yi wa Inna dariya in ta ambaci Doguwa, yau tsoro ne fal a idonsa, kuma ta gane ba na allura ba ne. Ya ji zancen akuya, ko ya karanta a baki. Ita yake tambaya, don ita kaɗai ya yarda ba za ta yi masa ƙarya ba.

Ita kuwa a wannan lokacin ko rantsuwa aka ce ta yi, ba ta san a kan wace za ta rantse ba.

Sai ta tuna sana'arsa, kayan babur yake sayarwa. Ta kai baki kunnensa na dama ta ɗaga murya.

"Irin ta taya, Abban Nusaiba. Na ciki yah hwashe, iska tah hita tac cika waje. Hudawa za a yi ta hita."

Ya lumshe ido, ya motsa kai.

Inna ta ce kun gani, ya ƙi. Abdulmajid ya ce a'a, cewa ya yi a tafi gida. Firdausi ta ga kamar gyaɗawa ya yi, ta kuma ga kamar kan ne kawai ya yi masa nauyi. Ba wanda ya samu sake tambayarsa, don hannun da ke riƙe da hijabinta ya saki, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya tafi luu sai da Abdulmajid ya tallafe shi ya maida shi kan gado.

Daidai nan likitan ya turo ƙofa da faranti a hannu. Ya ga roba a ƙasa tana huci, ya ga majinyaci a karkace, ya faɗi wata kalma da ba a koya wa Firdausi a kolej ba. Ya ture Abdulmajid gefe, ya maida robar, ya keta rigar Rabilu da almakashi, ya kara abin sauraro a dama, ya taɓa maƙogwaro. Fuskarsa ta canja. Ya ce babu sauran lokacin roba ma, allura yanzu-yanzu, in ba haka ba zuciya za ta tsaya. Ya dubi tsohuwa da ta tare gado, ya dubi mai gemu, sannan ya dubi Firdausi.

"Oui ou non, madame?"

Wannan kam ba ya bukatar tafinta, kowa ya gane tambaya ce.

"Ce mishi a'a," Inna ta ce.

"Ce mishi ya dakata in yi karatu," Abdulmajid ya ce.

Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa musa wa ɗayansu ba. Ba kuma don kanta ya warware ba ne, har yanzu baƙin nan dogo na yi mata gizo. Leɓen mijinta kawai ta kalla.

"Oui."

"Mi kinka ce mishi?"

"Na ce ya soke."

"Da izinin wa?" Abdulmajid ya taso.

"Mijina na, Yaya. In ya mutu ga ƙarhe, ku ce ni nik kashe shi."

Ta shiga tsakaninsa da gadon ta tsaya. Abdulmajid ya dubi ƙaninsa, karon farko tun da aka fara gardamar ya dube shi da kyau, sai ya ja da baya ya jingina da bango, ya fara karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi yana tuntuɓe a inda bai taɓa tuntuɓe ba.

Likitan ya bi ƙashin ƙirji da yatsa yana lalube, ya tsaya a wuri ɗaya, ya shafa jan magani. Ya ɓare allurar daga leda. Doguwa ce, ta fi yatsa.

Ba wanda ya kula da Inna.

Wata irin ƙara suka ji, siririya, kamar daga waje. Kallabinta ya faɗi. Jikin tsohuwar da ba ta tashi sai ta dafa gwiwa ya miƙe ƙyam, hannunta na hagu ya ƙanƙance ya naɗe a ƙirji, idon ya juye sai fari. Kafin likita ya ankara ta faɗo kan Rabilu rub da ciki, ta rufe daidai wurin jan maganin, allurar na tsaye a sama tsakanin hannunsa da bayanta.

Karatun Abdulmajid ya tsaya cak.

Likitan ya yi wa Firdausi tsawa ta janye ta. Ta kama kafaɗar Inna ta ja, kamar ta ja turmin da aka kafe a ƙasa. A ƙarƙashinta Rabilu ya ja wani numfashi guntu, ba a ji na bayansa ba.

Kan Inna ya juyo a hankali ya tsaya saitin fuskar Firdausi. Muryar da ta fito ba ta Inna ba ce.

"Ke kinka kira ni da bakinki, ɗiyar Gesheme. To ga ni."